Kalmar toxic ta wurin aiki: guba za mu ce ko dafi?

Jama'a ina neman bakinku, musamman masu aikin fassara da 'yan jarida da malaman Hausa. Kalmar nan toxic da ta cika mana baki yanzu, ofis ɗinmu toxic ne, ogata toxic ce, me za mu ce mata da Hausa wanda in an faɗa a rediyo gwaggo tana tsinkar zogale a tsakar gida za ta gane ba sai an yi mata ƙarin bayani ba? Ina da tawa amsar, amma bari ku fara jin me ake nufi da abin tukunna.

Cikin waɗanda suka yi rubutu a kan wannan matsalar akwai mata baƙaƙen fata na Amurka da Ingila, kuma in kun lura abin da suke kuka da shi ba duka ba ne, ba kora ba ce, sau da yawa ma ba zagi ba ne ƙiri-ƙiri. Su biyu ne kacal baƙaƙe a ofis amma kullum sai an kira ɗaya da sunan ɗaya, a kai hannu gashinta ba a tambaye ta ba, ta kawo shawara a mitin a yi tsit, can anjima wani namiji farar fata ya maimaita maganar nan tata sak a ce kai amma ka kawo dabara, in ta buɗe baki ta ce ai ni na faɗa sai a ce ta fiye fushi, shikenan an liƙa mata suna. Maganar gashin nan ba wasa ba ce fa, sai da ta kai jihar Kalifoniya ta yi doka a 2019 ta hana a nuna wa ma'aikaci bambanci saboda kitso ko gashin da Allah ya ba shi. Doka sukutum, a kan kitso.

Akwai wata farfesa Kecia Thomas da ta bayyana wani salo da ke maimaituwa a kan irin waɗannan matan: lokacin da kike sabuwa ana riritaki ana nuna ki ga baƙi, ga tamu nan, ranar da kika ƙware kika fara neman kujerar da ta dace da ke sai waɗanda suka riƙe miki hannu jiya su koma ganinki barazana. Ba wanda zai ce miki komai, kawai za ki ga an daina sa ki a imel.

Toh wannan yanayin ne muke nema wa suna.

Na ga da yawanku kun ce guba, wurin aiki mai guba, kuma ita ce fassarar da take fara zuwa wa kowa. Ban ce kuskure ba ce. Amma ku duba yadda guba take a bakinmu, abu ne da ake ci ko a sha ko a shaƙa, abinci mai guba, iska mai guba, kuma takan zo ba da hannun kowa ba, rogo ma yana da gubarsa ba wanda ya sa masa. In muka ce ofis yana da guba sai abin ya zama kamar ƙaddara ce ta ginin, ba mai laifi, kowa ya toshe hanci ya ci gaba. Kuma dama can matsalar kalmar kenan a turancin ma, kamfani ya fito ya ce yanayin aikinmu ya gurɓace za mu gyara, amma ba za ka taɓa jin sunan wanda ya gurɓata shi ba.

Ni dafi na zaɓa. Dafi sai da mai shi, ko maciji ko kunama ko maharbin da ya shafa wa kibiyarsa. Ta ƙaramar kafa yake shiga, wurin da aka sara ɗan ƙaramin tabo ne wanda in kika nuna wa mutane za su ce haba ɗan wannan, alhali abin ya riga ya bi jini yana aiki a ciki. Kuma mun saba da shi a kan halin mutum, muna cewa magana mai dafi, harshenta akwai dafi, ba mu cewa magana mai guba sai dai in fassara muke yi.

Wani abin da ya ƙara tsayar da ni a kai, asalin kalmar toxic ɗin kanta daga harshen Girka ne, toxon shi ne baka na harbi, kuma da shi suka sanya wa maganin da ake shafa wa kan kibiya suna. Kenan tun asali dafin kibiya ce, daga baya ne turanci ya faɗaɗa ta ta koma kowace irin guba, har ƙamus ɗin Oxford ya zaɓe ta kalmar shekara a 2018 saboda yadda aka yayime ta ana liƙa wa komai, aure, siyasa, ofis. In muka ce dafi ba mu karkata ba, mun ma fi masu turancin kusa da tushen.

Malam, na ga gyaranka, cewa ai muna da tsangwama da kyara da hantara da musgunawa da gallazawa, me ya sa za mu ƙirƙiro sabo. Allah ya ƙara ilimi, gaskiya ne muna da su kuma ba za mu yar da su ba. Amma waɗannan sunayen aiki ne ɗaya-ɗaya, oga ya hantare ki yau, an kyare ki jiya. Abin da babu shi ne sunan wurin baki ɗaya, inda babu abu guda da za ki ɗauka ki kai wa sashen kula da ma'aikata ki ce ga shi, amma ranar Lahadi da yamma tun daga la'asar cikinki ya fara murɗawa saboda gobe Litinin. Hantara ɗaya ba ta sa haka.

Kuma bin jinin da na ce ba salon magana ba ne kawai. Arline Geronimus ta jami'ar Michigan tun 1992 ta kawo bayanin cewa zama cikin fargaba da wulaƙanci na yau da gobe yana zaizaye jikin mata baƙaƙe a Amurka, su tsufa a ciki kafin shekarunsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara ana asarar ranakun aiki biliyan 12 saboda ciwon damuwa da fargaba. A 2022 wani bincike da aka buga a mujallar makarantar kasuwanci ta MIT ya nuna cewa irin wannan yanayin ya ninka ƙarancin albashi wajen sau goma wurin sa mutane su ajiye aiki. Mutum ya haƙura da ɗan kuɗi, dafin ne ba ya iya haƙura da shi.

Tunda an ɗauko zancen, bari mu taɓa 'yan uwan kalmar da sauri.

Microaggression, wato ƙananan maganganu da ayyukan raini irin waɗanda na lissafa a sama, kalmar da Chester Pierce, baƙar fata likitan ƙwaƙwalwa a Harvard ya ƙirƙiro a 1970, don Allah kada wanda ya ce ƙaramin farmaki. Muna da gugar zana, muna da shaguɓe da habaici. Na san wani lokacin mai yin bai ma san ya yi ba, ita kuwa gugar zana da gangan ce, amma dai ta fi kusa.

Trauma kuma a nan nake ganin Hausa ta fi wadata. Ita ma asalinta rauni ne a Girkanci, mu kuma muna da miki, ciwon da ya ƙi warkewa, abin ya bar mata miki a zuciya. Sannan ga fami, wanda shi ne ainihin abin da suke nufi in sun ce an yi triggering ɗin mutum, ta bar wancan ofishin shekara da shekaru amma sabon oga na cewa zo ina son ganinki sai hannunta ya hau rawa, an fama mata mikin. Ku bar cewa taɓin hankali a nan, da kun faɗe ta an gama, ba macen da za ta yarda ta je ganin likita in sunan da za a ba ta kenan.

Women of color kuwa na ga an rubuta mata masu launi, wallahi dariya ta kama ni, sai ka ce atamfa. Matan da ba farar fata ba, doguwa ce amma ita ce daidai, don ta haɗa baƙaƙe da 'yan Asiya da na Latin Amurka.

Anti, ke da kika rubuto daga Ingila kika ce wannan duk zancen turawa ne mu haƙuri muka sani, ki yi min afuwa ban yarda ba. Ke kanki kin san 'yan uwanmu masu aikin jinya da kula da tsofaffi a can, ga baƙar fata ga hijabi ga harshe da ya nuna daga inda aka zo, abu uku a kan mace ɗaya. Ga kuma masu aikatau a gidajen Saudiyya. A gida ma inda ba maganar launin fata, akwai ta kasancewa mace, wadda ta dawo daga hutun haihuwa ta tarar an ba wani teburinta, da wadda ake ce wa mijinki bai iya riƙe ki ba ne kika fito. Najeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2022, wadda ta shafi cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, kuma a farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Takardun suna nan da turanci, wa zai faɗa wa mai shara a asibiti abin da ke ciki in ba mu da kalmomin? Haƙuri kuma ai ba a yi wa saran maciji, a ce ki daure zai wuce.

Ga yadda nake ganin za mu riƙa amfani da ita: wurin aiki mai dafi, dafin wurin aiki, oga mai dafi, ofishin nan ya yi dafi. Guba mu bar wa hayaƙin janareto da maganin ɓera.

Wadda ta rage min ita ce burnout. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a kundinta a 2019, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da aiki ke haifarwa, da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, abin da kike iyawa da kyau ya fara gagararki. Ƙonewa ba ta zauna min ba sam, gajiya ta yi kaɗan don barci yana maganinta, gundura kuma ta ɗauki ɗaya ne cikin ukun. Wata ta kawo aiki ya tsotse ta, ina son wannan amma jimla ce ba suna ba. Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku me kuke cewa a can? Ku ajiye a ƙasa.