Neman shawara: wa ke da ikon ba da hutun Sallah a makarantun gunduma?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekararmu biyu ke nan da komowa jihar Maryland ta Amurka, kuma 'ya'yana uku suna makarantar gwamnati ta gundumar da muke zaune. A bana Babbar Sallah ta faɗo ranar karatu, babbar 'yata kuma tana da jarrabawa a ranar. Na je na ga shugaban makarantar, ya karɓe ni da mutunci, ya ce za a ba ta uzuri ta rubuta daga baya, amma rufe makaranta ranar Idi ba shi da iko a kansa. A gida na san Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma da kuma SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, nan kuwa ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Don Allah wanda ya san yadda tsarin yake ya haska mini.

Amsar wani malamin makaranta:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya shugaban makarantar ya faɗa miki. A Maryland kowace gunduma tana da tsarin makarantunta guda, gundumomi 23 da birnin Baltimore, kuma a kan kowane tsari akwai hukumar ilimi ta gunduma. Hukumar ce ke ɗaukar babban jami'in da ke tafiyar da makarantun yau da kullum, ita ke tsara manufofi da iyakar unguwannin da kowace makaranta ke ɗiba, kuma ita ke amincewa da kalandar karatu. Shugabannin makarantu suna ƙarƙashin wannan jami'i ne, don haka aikinsu bin kalandar da aka miƙo musu. A gundumar Montgomery, misali, hukumar tana da wakilai bakwai da jama'a ke zaɓa na shekara huɗu, biyar daga yankuna, biyu na gunduma baki ɗaya, sai kuma ɗalibi guda da ɗalibai ke zaɓa. Dokar jiha ta wajabta kwana 180 na karatu a shekara, saboda haka duk ranar da aka cire sai an nemo madadinta, abin da ke sa hukumar ba ta saurin amsa irin wannan roƙo.

Amsar wata uwa da ta daɗe a jihar:

'Yar'uwa, wannan hanya an riga an bi ta, kuma ba a kwana ɗaya aka kai ba. Musulmin Montgomery sun yi shekaru suna neman hutun Idi. A Nuwamban 2014 hukumar ta cire sunayen bukukuwan addini gaba ɗaya daga kalanda, har da na Kiristoci da na Yahudawa, alhali ba abin da Musulmi suka roƙa ke nan ba. Sai a ƙarshen 2015 ta mayar da ranar 12 ga Satumba, 2016, wadda ta dace da Babbar Sallah, ranar aikin malamai wadda ɗalibai ba sa zuwa. Abin lura shi ne makarantar gwamnati a Amurka ba ta rufewa da hujjar addini tsagwaronsa. Hujjar da ake karɓa ita ce yawan ɗalibai da malaman da ba za su zo ba har karatu ya samu tasgaro. Shi ya sa nake ba iyaye shawara kada su tura yaro ranar Idi don tsoron a rubuta masa fashi. Ki rubuta wa makaranta takarda cewa bikin addini ne, domin dokar jiha ta amince da shi a matsayin uzuri, kuma ta haka ne adadinmu ke shiga lissafi.

Ƙarin bayani daga malamin:

Ina ƙara da batun lokaci, Hajiya, domin a nan ake yawan makara. Ana yanke kalandar shekara mai zuwa watanni da dama kafin a shige ta, don haka idan kika jira watan Sallah, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Zaman hukumar a buɗe yake ga jama'a, kuma akwai lokacin da ake ba mazauna gunduma 'yan mintoci su yi magana idan sun yi rajista tun da wuri. Wanda bai zama ɗan ƙasa ba ba zai jefa ƙuri'a ba, amma yana iya tsayawa ya yi magana. Ku haɗa kai da masallatan yankinku da ƙungiyar iyaye da malamai, ku je da yawa, ku kuma aika da takarda ga kowane wakili. Kada ku kai wannan kuka majalisar gunduma: ita ce ke amincewa da kuɗin da makarantu ke samu daga harajin gidaje da na kuɗin shiga, amma ba ta tsara kalanda.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba shafin hukumarmu na ga ranar zamanta na gaba, kuma ranar Juma'a zan yi wa limaminmu maganar bayan an idar da salla.