Bitar manoma ta lokacin hunturu: wa ya taɓa zuwa, me ya gani a gonarsa?

Na Giwa:
Assalamu alaikum jama'a. Amfani ya shiga rumbu, hazo ya sauko, malaman gona kuma sun fara yawo da gayyatar bita. A ƙungiyarmu kai ya rabu: wasu sun ce a je, wasu sun ce gara mutum ya tafi cin rani ya samo kuɗin taki. Waɗanda suka taɓa halarta, don Allah me ya sauya a gonarku?

Baba na Saminaka:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka je. Ni tun zamanin da 'yan ƙungiyar bunƙasa noma ta Sasakawa suka shigo ƙasar nan a 1992 nake bin irin wannan zama, kuma abu biyu na ɗauko da har gobe nake cin moriyarsu. Na farko igiya. Aka ba mu doguwar igiya muka ƙulla mata ƙulli duk bayan santimita 25, tsakanin kunya da kunya kuma 75, kowane rami ƙwayar masara ɗaya. Da can uku ko huɗu muke zubawa, su tashi suna kokawar abinci, kara ya yi siriri, goyo ɗan mitsitsi. Na biyu binne taki. Yuriya kashi 46 cikin 100 ɗinta sinadarin da ganye ke so ne, amma in ka watsa ta a sama rana ta buga, iska ce za ta sha rabonta. Sai ka soka tsinke a gefen shuka kamar tsawon yatsa, ka zuba, ka take da ƙafa. Aiki ne mai cinye baya, ban ɓoye maka ba. Amma gonar da ba ta taɓa cika mini amalanke biyu ba, a shekarar sai da na yi hayar mota. Kuma da a damina aka kira mu, wa zai bar noman farko ya zauna ƙulla igiya?

Mai alkama, Kadawa:
Baba ya yi gaskiya a kan masu damina. Mu da muke shan ruwan Tiga, hunturu ne lokacin da ko zaman ɗaurin aure da ƙyar muke samu. Alkama sanyi take so. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ya kamata iri ya shiga ƙasa. Ka makara, zafin ƙarshen Fabrairu da Maris ya riske ta tana cika ido, ƙwaya ta motse, ka auna buhu ka ji shi sakayau. To an taɓa tara mu a watan Janairu ana koya mana lokacin shuka alkama, alhali tamu ta kai gwiwa. Bitarmu a watan Oktoba ya dace a yi ta.

Ɗan Bakori:
Ni kam ban ga komai ba. A otal aka yi wadda na je, cikin gari, mai jawabi na ta zuba Turanci yana nuna hotuna a bango. Rabin ɗakin yaran 'yan siyasa ne da ko fartanya ba su iya riƙewa ba, kuɗin mota suka zo karɓa. Aka rubuta sunayenmu za a kawo iri, bai iso ba sai da dawa ta rufe kaza. Ba zan ambaci masu shirin ba, sun san kansu.

Hajiya ta Dambatta:
Malam na Bakori, Allah ya ba ka haƙuri, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tamu a tsakar gidan mai unguwa aka yi, bayan azahar, malamar ma mace ce, shi ya sa mazajenmu suka bar mu. Buhun PICS ta kawo, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A gabanmu ta hura kowace leda ta tabbatar ba huda, aka zuba wake busasshe, ta matse iskar, ta murɗe bakin ledar farko ta ɗaure, ta biyu ma daban, sannan buhun. Gefe guda aka ajiye wake a buhun da muka saba. Da bazara aka sake tara mu aka kwance. Na buhun da muka saba ya zama gari, ƙwari na tashi. Ɗayan kuwa kamar ranar aka sussuka shi. Ba wadda ta ƙara tambaya. Gonata ba ta ƙara ko tiya ba, gaskiya, amma na daina sayar da wake da kaka a wulaƙance, na kuma daina zuba masa maganin ƙwari. Ai saboda irin wannan maganin ne Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Nan wajenmu aikin da ake koyarwa da rani ake yin shi, don haka bitar da aikin tare suke tafiya. Tassa, misali: ramuka ne ake ginawa a fako tun ƙasa na bushe, a zuba takin gida, ruwan farko ya taru ciki, hatsi ya fito inda da ko ciyawa ba ta tsira. Sai ɗan taki a gindin shuka, cikin marfin kwalbar lemo, dabarar da masu binciken cibiyar noma ta ICRISAT da ke Sadore suka yaɗa don talakan da ba shi da kuɗin buhu. Da sassabe kuma an hana mu tumɓuke kututture. A bar rassa ƙalilan masu ƙarfi a datse saura. Gawon da na bari yanzu, hatsin ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina a gonar, tunda shi da damina yake zubar da ganye.

Tsohon malamin gona:
Na yi wannan aiki har na yi ritaya, kuma ƙorafin Ɗan Bakori gaskiya ne, na ga irinta. Na Giwa, kafin ku je ku tambaya: a gona za a yi ko a ɗaki? Da Hausa? Za a kafa gonar gwaji a garinku a dawo a duba ta da damina? In amsar e ce, ku je ko ba kuɗin mota. Amfanin hunturu shi ne ba ka riga ka sayi iri ba. Kana Giwa, cibiyar binciken noma ta Samaru na kusa da kai. Ka tambayi irin masara na SAMMAZ mai jure wuta-wuta, ka kuma sa waken suya a gonar da wuta-wutar ta addaba. Hasashen damina na hukumar yanayi ta NiMet ma farkon shekara yake fitowa, ya taimake ka zaɓar mai saurin nuna ko mai jinkiri. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo a 2016, mutane da yawa sun yi asarar kuɗin feshi don da tsakar rana suke fesa ganye, ita kuwa tana can cikin zuciyar masarar. Da sassafe ko da yamma ake yi, a saita bakin famfon cikin zuciyar, tun tana ƙarama.

Ɗan Bakori:
Hajiya, buhun nan shekara ɗaya yake yi ko ana maimaitawa? Iyalina na da wake.

Hajiya ta Dambatta:
Ana maimaitawa Malam, muddin ledar ba ta huje ba. A ce ta hura ta gani kafin ta zuba, ta ɗora shi kan katako nesa da bango saboda ɓera. Kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiban na alale. Wanda za a ci a ware shi daban tun farko.