Neman shawara: Ford Edge, Explorer ko Focus, wacce za ta riƙe mutum a nan arewa?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san motocin Ford. Akwai guda uku a gabana, duka 'yan Amurka ne da aka shigo da su: Edge ta 2013 da Explorer ta 2013, dukansu inji 3.5, sai Focus ta 2014 mai giya otomatik. Kuɗinsu bai kai na Toyota sa'o'insu ba, amma kowa sai ya ce mini motar Amurka ba ta jure ƙasarmu. Kamfanin da ya haura shekara ɗari yana ƙera mota, yaya za a ce bai iya ba? Ina so a ba ni tarihinsa a taƙaice, a kuma gaya mini abin da masu riƙe da waɗannan motocin ke fama da shi. Zirga-zirgata Kano zuwa Kaduna ce da cikin gari, da iyali.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Tarihin yana da alaƙa da tambayarka fiye da yadda kake zato. Henry Ford ya kafa kamfanin a Ditiroyit, jihar Mishigan, a watan Yunin 1903. A 1908 ya fito da Model T, mota mai sauƙin gyara da manomi zai iya kwancewa a bakin gonarsa. A 1913, a masana'antarsa ta Highland Park, ya sa mota ta riƙa tafiya a kan layi kowane ma'aikaci yana ɗaura abu ɗaya, sai haɗa mota ya sauko daga kusan awa 12 zuwa kimanin awa ɗaya da rabi. A 1914 ya mayar da ladan ma'aikaci dala 5 a yini, fiye da ninki biyu na da, domin mutane na gudun aikin saboda gajiyarsa. Kafin a daina Model T a 1927 an ƙera sama da miliyan 15. Taurin kan da ya sa ya ƙi sauya ta ne ya ba General Motors damar wuce shi, don su suna fito da sabon samfuri kowace shekara kuma suna sayarwa bashi.

Abin da ya shafe ka kai tsaye ya faro ne daga baya. Ford ya sayi kaso a Mazda tun 1979, ya sayi ɓangaren ƙananan motoci na Volvo a 1999. A 2006 ya tafka asarar sama da dala biliyan 12, aka ɗauko Alan Mulally daga kamfanin jirage na Boeing, ya jinginar da kusan duk kadarorin kamfanin, har da tambarinsa, ya ciyo bashin sama da dala biliyan 23. Wannan kuɗin ne ya sa a 2009, lokacin da General Motors da Chrysler suka durƙushe har gwamnati ta tallafe su, Ford bai je kotun fatara ba. Ya sayar da Jaguar da Land Rover ga Tata a 2008, Volvo ga Geely a 2010.

To motocinka uku 'ya'yan wannan zamanin ne. Ƙashin Edge ɗinka, wato ginshiƙin da aka ɗora jikinta a kai, daga Mazda6 aka samo shi, na Explorer daga 2011 asalinsa na Volvo ne, Focus kuwa zanen reshen Turai ce da giyabos na kamfanin Getrag. A lokacin kuma dokar Amurka na matsa wa kamfanoni su rage shan mai, shi ya kawo ƙananan injuna masu tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) da ake kira EcoBoost da wannan giyar ta Focus. Don haka tambari ɗaya ne, amma cikinsu ba ɗaya ba ne. Sai ka tambayi wane inji, wace giya, wace shekara. Wannan kuma na bar wa makanikai.

Oga Makanike:
Alhaji, fara cire Focus ɗin daga lissafi. Giyarta sunanta PowerShift, tana cikin Focus 2012 zuwa 2018 da Fiesta 2011 zuwa 2019. A ido otomatik ce, amma a ciki giyar hannu ce mai kuloci biyu busassu, ƙaramar kwamfuta ke taka su. Matsalarta biyu. Sil ɗin shaf yana yoyo, mai ya taɓa kulocin, sai motar ta riƙa karkarwa idan za ta tashi daga tsaye, musamman a cunkoso irin na cikin Kano inda ake ta ja ana tsayawa. Sannan birenbos ɗin giyar, wato waccan kwamfutar, wanda ke manne a jikinta yana shan zafi, yakan mutu: mota ta ƙi shiga giya ko ta ƙi tashi, sikana, na'urar karanta matsalar mota, ta nuna lambar U0101 ko P0606. A Amurka har ƙara aka kai, kamfanin ya tsawaita garantin birenbos ɗin zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Wannan garantin ba zai biyo ka nan ba. Kuma ko an sa sabon kuloci, dole a haɗa kwamfuta a koya wa giyar shi, in ba haka ba karkarwar na nan. Focus mai giyar hannu ba ta da wannan ciwon ko kaɗan.

Yanzu inji 3.5 na Edge da Explorer. Inji ne mai ƙarfi, ba tabo, yana cin dogon zango. Aibinsa guda ne amma babba: famfon ruwansa a cikin inji yake, bayan murfin tayimin, sarƙar tayimin ce ke juya shi. Idan sil ɗinsa ya fara sakewa, akwai ɗan rami da aka yi don ruwan ya ɗigo waje, ta wajen altaneta, saman kwamfiresan esi. In ka ga jiƙa ko busasshen farin tabo a wurin, famfon ya fara sallama. Idan kuwa boris ɗinsa ya lalace gaba ɗaya, ruwan cikin baƙin mai yake zubowa, mai ya koma kamar shayi da madara, mital ya cinye, inji ya yi nokin. Daga mil 100,000, wato kusan kilomita 160,000, a sa masa ido. Aikin canza shi na yini guda ne cur ko fiye, don sai an cire murafun saman inji biyu da murfin gaba da sarƙa. Tunda an buɗe, a canza sarƙar da rel-rel ɗinta da tenshina lokaci ɗaya, kar a biya kuɗin aiki sau biyu. A tabbatar makanikin yana da ƙarfen kulle kamshaf, don in tayimin ya goce bawul zai haɗu da fistin.

Baban Hanifa:
Na gode Oga. Explorer ɗin mai jan ƙafa huɗu ce, Edge ɗin kuwa gaba kawai take ja. Dillalin ya ce mai ƙafa huɗun ta fi. Haka ne?

Oga Makanike:
A kan kwaltar Kano zuwa Kaduna ba ta fi ba, ƙarin abin gyara ne kawai. Mai ƙafa huɗu tana da ƙaramin akwati a gefen giyabos da ke tura ƙarfi zuwa tayoyin baya, ana ce masa PTU. Mansa kimanin rabin lita ne kacal, 75W-140, kuma yana zaune dab da salansa inda zafi ya fi yawa. Man yakan dafe ya zama baƙin kwaɓi, haƙora su cinye. Alamarsa warin ƙonannen man giya bayan doguwar tafiya, da gurnani daga ƙasan mota. Da yawansu ba su da noti na zubarwa, sai an zuƙe ta ramin zubawa da sirinji da siririn tiyo. A yi haka duk kilomita 40,000 zuwa 50,000. Kuma tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, ci ɗaya, don bambancin taya na wahalar da shi. Edge ɗin da ke jan gaba kawai ba ta da wannan akwatin sam.

Injiniya:
Na yarda da Oga a kan famfon ruwa, amma ina ganin an fi ɗora wa motar laifi fiye da kima. Rabin mutuwar waɗannan injuna daga hannun masu riƙonsu ne, kuma abu uku ne ke maimaituwa.

Ruwan lagireto shi ne na farko. Ana zuba ruwan rijiya ko na burtsatse, gishirinsa ya ci sil ɗin famfon nan da ake tsoro. Motocin 2013 da kulan, wato ruwan sanyaya inji, mai launin ruwan lemo suka fito, a haɗa rabi kulan rabi tataccen ruwa irin na batir, kuma kar a cakuɗa shi da kore. Na biyu cire tamostat, mai daidaita zafin inji, da haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin Afrilu. Injin an yi shi ne ya yi aiki a kusan digiri 90. In aka cire, kwamfuta na ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara fetur, shan mai ya hau, filogi ya yi baƙi. Idan mota na zafi, a wanke lagireto ta waje, don ƙurar hunturu na toshe shi, a duba fanka da murfin tankin ruwa.

Na uku baƙin mai. A kan murfin an rubuta 5W-20, inji na ɗaukar lita biyar da ɗoriya zuwa kusan shida. Sai a ɗura masa 20W-50 wai ƙasarmu da zafi. Wannan injin da matsin mai yake juya tayimin ɗin kamshaf ta ƙananan ramuka, mai kauri ba ya isa da wuri da safe, sai ka ji ƙara-ƙara idan an tayar. In mutum na son ɗan kauri saboda zafi da tsufan inji, 5W-30 mai kyau ya wadatar, a yi juye duk kilomita 5,000 zuwa 6,000 saboda ƙura. Giyabos ɗin kuwa mai giya shida ne na gargajiya, Ford da General Motors ne suka haɗu suka ƙera shi, kuma yana da juriya in an ba shi mansa, Mercon LV. Ba Mercon V ba, ba jan man da ake aunawa a bakin titi ba. Juye ɗaya na fitar da lita 4 zuwa 5.

Wani abu da ke tsorata sababbin masu ita: mota na tafiya sai hoton sifana ya fito a dashbod, ƙarfi ya ɗauke. Yawanci maƙogwaron iska ne mai lantarki, sikana za ta nuna P2111 ko P2112. Noti huɗu ne da soket ɗaya, ba giya ba ce, kar a bari a sauke maka giyabos a kansa.

Dillalin Mota:
Yallabai, ni a kan dubawa kafin biya zan yi magana. Lambar shasi harafi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ƙofa, su zo ɗaya da na takardun kwastan. Harafi na goma shi ne shekara: B 2011, C 2012, D 2013, E 2014. Da shi ake kama motar da aka sauya wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru. Edge da 2 take farawa, don a Oakville ta Kanada ake haɗa ta, Explorer da 1, a Cikago.

Da yawan motocin da ke zuwa mana daga gwanjon inshora suke, irin su Copart da IAA. Ka sa lambar a intanet, sau da yawa hotunanta na ranar gwanjo za su fito, ka ga inda ta bugu da mil ɗin da ke kanta a lokacin, ka gwada da wanda ke dashbod yanzu. Wadda ta bugu a gefe ana iya zama da ita. Wadda ambaliya ta ci, ka gudu: ɗaga kafet, duba ƙarfen ƙasan kujera ko ya yi tsatsa, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko da tabon laka. Ka kuma shiga ƙarƙashinta. Jihohin arewacin Amurka irin su Mishigan da Ohayo suna watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarfen ƙasa da bututun birki.

Ga Explorer musamman, a 2019 kamfanin ya yi kiranyen kimanin miliyan 1.2 na 2011 zuwa 2017 saboda wani ƙarfen da ke riƙe saitin tayar baya yana iya karyewa. Shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, na nuna ko an yi wa mota gyaran, kyauta, da lambar shasi. Akwai kuma ƙorafin warin hayaƙin salansa a cikin Explorer na waɗannan shekarun idan an taka wuta sosai. A gwajinka ka rufe gilasai, ka kunna esi, ka taka ta a kan hanya, ka sa wani ya zauna a kujerar can baya. Ga Edge, taka birki kana tsaye ka saurara, in ka ji huci ƙarƙashin feda, bustar birki ce ta fara yoyon iska.

Ka je da sassafe, kar a ɗumama maka ita kafin ka iso.

Injiniya:
Ƙari kaɗan, ko dillali zai kawo maka wata. Edge 2015 zuwa 2018 mai 2.0 EcoBoost da Escape 2017 zuwa 2019 mai 1.5 an san su da shigar ruwa cikin silinda, saboda wata tsaga da aka yi a bulok tsakanin silinda da silinda, gasket ba ya samun wurin kamawa sosai. Ruwa na raguwa ba a ga inda ya zuba ba, farin hayaƙi da safe, inji na tsallen filogi. Canza gasket kaɗai ba ya warkar da shi, bulok ake canzawa. In kana son Ford mafi ƙarancin rigima, Fusion ko Escape mai inji 2.5 ne: asalinsa na Mazda, ba tabo, famfon ruwa a waje.

Oga Makanike:
Cikin ukun da ka lissafa, Alhaji, Edge ɗin zan ce ka ɗauka, sai fa in iyalinka sun fi kujera biyar, a nan dole Explorer. Ka ware kuɗin famfon ruwa da kayan tayimin tun ranar saye, ka nemi ragi a kansa in babu shaidar an taɓa canzawa. Kayan da ake yawan canzawa, irin su filogi, koyil da takalmin birki, za ka samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka, amma famfon da sarƙar ka sa a kawo maka sababbi na Motorcraft, wato kayan Ford na asali, daga kasuwar Ladipo ta Legas ko Apo ta Abuja. Kar ka yarda a sa maka na Beljiyam, wato wanda aka taɓa amfani da shi, a wurin da buɗe shi kaɗai yini guda ne. Bayan an gama aikin a yi juyen mai kafin a tayar da inji, saboda ruwan da ke gangarawa cikin kwanon mai lokacin cire tsohon famfon.

Baban Hanifa:
Allah ya saka da alheri, duk na fahimta. Mu biyar ne, don haka Edge ɗin zan sa a duba. Zan turo lambar shasi da abin da sikana ta nuna kafin in biya.