Musayar Waƙa: Shagunan Baƙar Fata a Garin Durham

Malam Buɗe-Fage:
Salamu alaikum 'yan'uwa, ga Durham, mu yi nazari,
Can Karolina ta Arewa a Amurka, taba ce jigon gari,
Injin saƙa kuwa akasari sai Bature fari,
Baƙar mace na zare jijiyar ganyen taba, lada kaɗan, aiki da tsauri,
To ina baƙin ɗan kasuwa ya samo jari?

Yaya Wanzami:
Malam, amsarka tana kan kujerar aski,
John Merrick, an haife shi bawa a 1859, ya koyi aiki,
A 1880 ya iso Durham da reza, ya kama ɗaki,
Har iyalan Duke masu kamfanin taba shi ke gyara musu gemu da gashin baki.
Sharaɗi guda: shagon Turawa, baƙar fata ba ya zama ciki,
In ya hau kujerar sau ɗaya, masu kuɗi su fice da tsaki,
Dole ya raba shaguna, kowane jinsi da nasa masauki,
Riba ta tafi filaye da gidajen haya, ba a ƙone ta a biki.

Hajiya Mai Littafi:
Yaya, tsaya kan aski, bar mini batun inshora,
A 1898 Merrick da likita Aaron Moore suka fara,
North Carolina Mutual, kusan adashi aka tsara,
Wakili gida-gida duk mako, senti biyar ko goma, ya rubuta ya tara,
Ciwo ya zo a ba ka na magani, rasuwa a biya binnewa ba jira.
Rasuwar farko da aka biya, asusu bai isa ba, ku lura,
Daga aljihunsu suka cike, C. C. Spaulding ya riƙe ragama ya gyara.
Inda yake ciwo: makonni su wuce ba biya, takarda ta mutu, ba saura.

Baba Mai Kanti:
'Yata, kin faɗi na manya, mai kantin Hayti, unguwar baƙar fata, shi ke nishi,
Titin Pettigrew da Fayetteville, ciniki rabinsa bashi,
Garin masara, wake, naman gishiri, kananzir, a rubuta a ba shi,
Sai ranar biya a masana'anta a zo a rage da albashi.
Aikin ganye na da lokaci, ya wuce a ce wa mata su tashi,
Littafi ya cika, akwati fayau, dilan Bature na jiran kuɗin shi.
Ya saro kaɗan da tsada, babban shagon cikin gari ya karya farashi,
Don kuɗin baƙar fata dai, Bature bai taɓa ƙyamar shi ba, ko da haushi.

Ƙanin Kowa:
Baba, ai don haka aka kafa banki na gida,
Mechanics and Farmers, 1908, titin Parrish, ya buɗa,
Richard Fitzgerald mai ƙona bulo shi ya fara shugabanci, ba faɗa,
Wanda bankin Turawa ya hana rance, nan ya samu ya gina gida.

Malam Buɗe-Fage:
Ƙanena, bankin ya jure, amma unguwa ta haɗu da babbar hanya,
Shekarun 1960 aka ce sabunta birni, aka zo da katafila manya,
Hanya ta 147 ta tsaga Hayti, ɗaruruwan shaguna suka sha wuya,
Diyyar rusau mai gini ke karɓa, wanzami kuwa yawanci ɗan haya,
Ya koma wani layi, masu zuwa aski an watsa su, wa zai biyo baya?
Ga dokar hana wariya ta 1964 ta buɗe wa baƙar fata otal da gidan abincin Turawa, ciniki ya juya.

Hajiya Mai Littafi:
Malam, Mutual ɗin ma ya daɗe yana fama da asara,
A 2022 kotu ta ba da umarnin rushe shi, a biya masu inshora.