Neman kalma: wace Hausa ce za ta ɗauki «réputation»?

Mai tambaya, Garwa:
Assalamu alaikum iyaye, malamai da 'yan'uwa. Wata kalma ce ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta gaban masu harshe.

Muna da ƙungiyar masu ciniki ta waya, daga nan Garwa zuwa Marwa da Ngaundere, har Kuseri da ƙetaren gadar Ngeli a Injamena. Mai albasa ya ɗauki hoton buhunansa, mai atamfa ta ɗauki na turamenta, wanda ya gani ya yaba ya tura kuɗi ta waya, a sa kaya a mota. Da muna 'yan kaɗan, kowa ya san ƙofar gidan kowa. Yanzu mun yi yawa, wani lambarsa kawai ka sani. Bara gab da ƙaramar salla na ga hoton albasa ja, busasshiya, buhu-buhu a jere, na tura kuɗin buhu 6. Kaya ba su zo ba, lambar kuma ta mutu. Ashe hoton na wani bawan Allah ne a Marwa, aka ɗauke aka yi tallar abin da babu.

Ƙanena da ya karanta kwamfuta a jami'ar Ngaundere ya ce zai haɗa mana 'yar manhaja. Duk wanda aka gama ciniki da shi, abokin cinikinsa zai danna ya faɗi yadda ya same shi, sai wata lamba ta riƙa fitowa gefen sunansa, tana hawa tana sauka. Da Faransanci réputation ake ce wa abin, Turancin ma kusan haka yake. Mu kuwa da Hausa muke son fuskar wayar ta yi magana. Mu na nan bakinmu ya saba da Fulatanci, 'yan'uwanmu na Injamena da Larabcin Cadi, da yawanmu kuma allo muka yi ba lekwal ba. Hausa ce tabarmar da duk muke zama a kai. To me za a rubuta a wurin? Gajeriyar kalma ake so, wadda za a karanta wa tsohuwa ta gane ba sai an yi mata sharhi ba. Akwai kuma partager da télécharger, kalmomin Faransanci na bai wa wasu hoto da kai shi ko ɗauko shi a intanet, amma a bar su sai an gama da babbar.

Malamin makaranta, Marwa:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba ta da wuya, suna ce. Muna cewa wane ya yi suna, wane an ɓata masa suna. A rubuta «Suna» a wuce wurin.

Ƙanin mai tambaya:
Malam, da ita na fara, sai na yi karo da bango biyu. A fuskar wayar akwai gurbin da mutum zai rubuta sunansa na yanka, shi ma «Suna» aka sa masa. In aka sake sa wata «Suna» a gefe da lamba 37 a ƙarƙashinta, an rikita mutane. Na biyu kuma, yin suna sanuwa ce kawai. Ɓarawon da ya addabi unguwa shi ma ya yi suna, har ƙauri sunan nasa yake yi. Abin da muke son aunawa shi ne ko in an tura wa mutum kuɗi kaya za su zo.

Hajiya mai atamfa, Injamena:
Mu nan in ana Larabci sum'a ake cewa, wane sum'arsa mai kyau ce. In kuma Hausa zalla kuke so, ga mutunci. Ɗan kasuwa ai mutuncinsa ne jarinsa.

Malamin zaure, Garwa:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma duka biyun ina da magana a kansu. Sum'a a Larabci haka take kamar yadda kika faɗa. Sai dai Bahaushen da ya zauna gaban malami, inda ya saba jin ta shi ne a jere da riya, wato yin aiki don a ji a faɗa. Ba zan so mu rubuta wa 'yan'uwa sunan cutar zuciya a gefen sunansu muna cewa su tara ta ba.

Mutunci kuwa ya fi ƙarfin lamba. Allah ya ce ya karrama 'ya'yan Adam, ba ciniki ne ya ba su ba, ba ciniki ne zai karɓe ba. Ku yi tunanin dattijo ya buɗe waya ya ga an rubuta «Mutuncinka: 2». Wallahi ranar za a raba zumunci. Wanda kayansa suka makara sau uku saboda hanyar Marwa zuwa Kuseri ta lalace da damina, lambarsa za ta iya sauka, mutuncinsa yana nan inda yake.

Abin nan da kuke ganin sabo ne, malaman hadisi sun yi shi tun ƙarnonin farko, suka kira shi jarhi da ta'adili. Kafin a karɓi ruwaya sai an tambayi me masana suka ce game da mai ruwayar: wannan siƙa ne, wato amintacce, wannan mai gaskiya ne amma yana kuskure, wannan mai rauni ne, wannan an bar hadisinsa. Ba shi ke faɗin matsayinsa ba, waɗanda suka zauna da shi ne suke faɗi. Sannan ku tuna hadisin Anas ɗan Malik: aka wuce da gawa, mutane suka yabe ta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta tabbata. Aka wuce da wata, suka faɗi sharrinta, ya ce ta tabbata. Da aka tambaye shi ya ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Shi ya sa iyayenmu suke cewa shaidar duniya ita ce ta lahira. Kalmar da kuke nema tana bakinku kullum: shaida. In za a ba da aure ana zuwa unguwa neman shaidar yaro. In an yi rasuwa ana cewa ya samu kyakkyawar shaida.

Mai tambaya:
Allah gafarta Malam, tun da na karanta nake juya ta a baki, kuma duk inda na sa ta sai ta zauna. Shaidarsa ta hau. Shaidarta ta faɗi. Mutum 40 ne suka shaide shi. Ba shi da shaida tukuna, sabo ne. Tana ɗaukar mai kyau tana ɗaukar mummuna, abin da mutunci da amana ba sa yi. Abin da ya fi kama ni shi ne ta nuna a hannun wa abin yake. Amana halin mutum ne a cikinsa, ba mai ganinta sai Allah. Shaida kuwa a bakin jama'a take, kuma daidai abin da manhajar za ta ƙirga ke nan.

Dillalin shanu, Ngaundere:
Na yarda da Malam, amma kada a haɗa ta da lamuni. A tike in na ce na shaidi mutum, na faɗi abin da na sani ne. In na ce na lamunce shi, to in ya gudu ni zan biya. Yaro, ka tabbata wanda ya danna ya san shaida yake bayarwa, ba bashin wani yake ɗauka ba, in ba haka ba babu mai dannawa.

Damuwata ɗaya. Mutanenmu akwai kara. Wa zai fito fili ya rubuta cewa surukin maƙwabcinsa ya cuce shi? Mu a kasuwa in aka tambaye ka wane kuma ba ka gamsu da shi ba, cewa kake «to, a dai bincika», mai hankali ya gane. Ina tsoron kowa ya tashi da taurari biyar, mai gaskiya da macuci.

Ƙanin mai tambaya:
Baba, ba mu kaɗai ba ne. Kasuwar intanet ta eBay ta Amurka, da aka buɗe a 1995, ta fara wannan tsari a 1996: mai saye da mai sayarwa kowa ya shaidi ɗan'uwansa, mai kyau a ƙara maki ɗaya, mummuna a rage ɗaya. Sai masu saye suka riƙa jin tsoron faɗin gaskiya, don in ka ba mai kaya mummuna shi ma sai ya rama. A 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa ba masu saye mummunar shaida. Su tsoron ramuwa ne ya rufe musu baki, mu kunya ce. Ina ganin maɓalli uku za mu yi: «Na shaide shi», «A bincika», «Ya saɓa». Na tsakiyar maganarka ce na ɗauka yadda ka faɗe ta.

Malamin zaure:
Ka yi daidai. Imamu Buhari ma an san shi da sassauta lafazi. In ya ce a kan mutum «fihi nazar», wato akwai abin dubawa a lamarinsa, masana sun san magana ce mai nauyi.

Malamin makaranta:
Na janye suna, amma bari in ja da shaida kaɗan, don kada a ce ba a gwada ta ba. Kayan da ke kanta sun yi yawa: mai shaida a kotu, takardar shaidar haihuwa, shaidar da ake yi wa dabba don a gane ta. Kuma yaranmu za su ɗauka ita ce babban yatsan nan na Facebook.

Mai tambaya:
Malam, duk waɗanda ka lissafa gida ɗaya suka fito, abin da ke tabbatar wa wanda bai gani ba. Wannan bai dame ni ba. Yatsan Facebook kuwa, da suka fito da shi a 2009, yana da sunansa a Hausa tun kafin a haife shi: farin jini. Mutum 500 za su danna wa hotonka don ya yi kyau, ba wanda ya taɓa ba ka sefa ɗari ajiya. Wanda ya cuce ni hotonsa ya sha yabo.

Akwai kuma ribar da ban ga wata kalma da za ta ba mu ita ba. A duk inda ake wannan tsari ana samun masu buɗe lambobin ƙarya suna yaba wa kansu, ko su biya a yaba musu. In sunan abin maki ne kawai, yaro zai ga wasa ne, ya danna wa abokinsa. In sunansa shaida, to wanda ya danna alhali bai yi ciniki ba ya san sunan abin da ya yi: shaidar zur. Ba sai mun rubuta doka mai tsawo ba, an riga an karantar da shi hukuncinta tun yana ƙarami. Ƙanena ya gaya mini masu dandalin hira na Reddit da suka tashi raɗa wa nasu makin suna, karma suka ɗauko daga addinan Indiya. Su ma sun ga lissafi shi kaɗai ba ya riƙe mutum.

Malamin makaranta:
Shaidar zur ta gama da ni. Sai dai a bambanta: abin kansa shaida, lambar kuma makin shaida. In an yi hawa-hawa, sabo da tsoho da amintacce, wannan a kira shi daraja.

Hajiya mai atamfa:
Na bi. Lokacin da aka rufe mana WhatsApp da Facebook a Cadi, daga Maris 2018 har Yuli 2019, cinikina bai mutu ba, don matan da suka san ni su suka riƙa gaya wa wasu. Ga shaida tun babu maki. Yanzu a zo kan hoto, don ni a nan nake ci. Yarana «partaje» suke cewa, wani kuma ya ce mini a rubuta «raba».

Malamin makaranta:
Raba ba ta yi ba, Hajiya. Abin da aka raba raguwa yake, kowa ya ɗauki kasonsa, ko kuma a raba faɗa. Hoto kuwa ko mutum dubu kika ba, naki yana nan. In mutum ɗaya ne ko ƙungiya ɗaya, tura. In na kowa da kowa ne, yaɗa. A télécharger kuma mun fi Faransanci wadata, don su kalma ɗaya suke ja wa hawa da sauka, har mutanen Kebek ta Kanada suka ƙirƙiro téléverser don su raba gardama. Mu muna da ɗora, muna da sauke, kamar kaya a tasha.

Ƙanin mai tambaya:
Na rubuta su. Ga inda hoton ya haɗu da shaida. A Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja ke taimakon juna tun 2008, tsarin da suka daɗe a kai shi ne amsarka in ta gamsar da wani ka samu maki 10, in ya ƙi ta a cire maka 2, shi ma mai ƙin a cire masa 1 don kada a riƙa ƙi a banza. Shekaru da dama sabon shiga ba ya iya ɗora hoto sai ya tara maki 10, saboda masu cika wuri da tallar banza. Haka nake so mu yi: baƙo ba zai ɗora hoton kaya ba sai mutum biyu masu daraja sun shaide shi. Da akwai wannan bara, da kuɗin Yaya suna aljihunsa.

Kuma hotunan a rumbunmu za su zauna. Sau da yawa hoton da kake gani a wuri ba a nan yake ajiye ba, daga rumbun wani kamfani ake jawo shi. A 2017 kamfanin ajiye hotuna na Photobucket ya wayi gari ya ce duk mai son hotunansa su ci gaba da fitowa a wasu wurare sai ya biya kusan dala 400 a shekara, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Hotunan shekara da shekaru suka ɓace wa mutane. Mu hoton kaya hujja ce in rigima ta tashi, ba za mu ba wani ajiyarta ba.

Hajiya mai atamfa:
Ɗana, ka duba mini abu biyu. WhatsApp yana matse hoto don kada ya ci kiredi, sai zanen atamfa ya dushe, mai saye ta ce ba kalar da ta gani ba ke nan, ta je ta ba ni «Ya saɓa» alhali ba laifina ba ne. In kuma na tura shi a matsayin takarda don ya fita tas, an ce yana iya tafiya da bayanin inda aka ɗauke shi, ni kuwa a tsakar gidana nake ɗauka.

Ƙanin mai tambaya:
Gaskiya ne Hajiya, in wayar tana rubuta wuri a jikin hoto, takardar da shi take tafiya. Zan sa manhajar ta goge wannan kafin ta ajiye, matsin kuma ya zama kaɗan. Zan ƙara da buga sunan mai kaya da ranar ɗorawa a kan hoton, yadda in an sato shi za a gane.

Mai tambaya:
To alhamdu lillahi. Abin da za a rubuta: shaida, makin shaida, daraja, sai tura, yaɗa, ɗora da sauke. Bugun sunan nan a kan hoto ni tambari zan ce masa, sai in Baba na Ngaundere yana da wadda ta fi ta daga wajen masu shanu. Ranar Juma'a bayan an sauko zan kai wa dattawan layin 'yan albasa wayar, a karanta musu ba tare da an yi bayani ba, mu ji me za su ce sun fahimta.