Tsakanin Eriya da Data

Baba Mai Eriya:
Ga baitoci kan talabijin ta kyauta. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ta".

Na kafa eriyata a kan gini,
Ina kallo dare har da wuni,
Ba mai aiko takardar bashi gare ni,
Iskar Allah ke kawo min kyauta.

A 1936 talabijin ta BBC ta soma,
Daga Landan take cilla hoto sama,
Tsohuwa ce, amma har yau da dama,
Wa ya ce muku ta kwanta ta huta?

Ɗan Data:
Baba, ranka ya daɗe, a yi haƙuri,
Kana jiran ƙarfe tara don jin labari,
Ni na gan shi a tafin hannu tun da wuri,
Kafin mai karantawa ya ɗaura agogo ya fita.

Tun 2005 YouTube ke tashe,
Masu talla sun bi ta, rijiyarku ta bushe,
Tashar da ba talla ai ta zo ƙarshe,
Da me za ta biya ma'aikata?

Injiniya:
Yaro, ka bar wata ɓarakar a baya.

A Janeba, 2006, ƙasashe suka sa hannu,
A bar analog, a koma dijital sannu-sannu,
Wa'adi Yunin 2015, to ku buɗe idanu,
Mitar da ta rage, kamfanonin waya suka saye ta.

Suwizalan kuwa ba ta tsaya wasa ba,
A 2019 ta kashe na eriya, ba ta waiwaya ba,
Sai kebul da tauraro da intanet, ba na ƙasa ba,
Mai sanda a kan rufi dole ya sauke ta.

Baba Mai Eriya:
Injiniya, faɗa masa, hasumiya ɗaya
Ta ishi miliyan, ba ta jin wuya,
Su kuwa in sun yi cincirindo a waya,
Hoto ya daskare, murya ta ɓata.

Ranar wasan ƙarshe na kofin duniya,
Na gama ihun ci, ɗana, kana can baya,
Wayarka na nuna ɗan wasa bisa hanya,
Bai kai raga ba balle ya buga ta.

Ɗan Data:
Na yarda, Baba, tashar BBC Three ta je yawo,
2016 ta koma intanet, 2022 ta dawo,
Sai dai baitocin nan da ka kawo,
Da eriya ka turo su ko da data?