Algoridim: Girkanci ce ko sunan mutum?

Ɗan Auta: Jama'a, ku raba mu gardama da yayana. Wai kalmar algoridim, wato jerin matakan warware matsala, da ake ta ambato a harkar kwamfuta sunan mutum ce. Ni na ce Girkanci ce, daga arithmos, wato lamba. Ku saurari yadda suka yi kama mana.

Yaya Babba: Kama da wane ba wane ba ne, ƙane. Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi ne, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin halifa Ma'amun, wajen shekarar 820.

Malamar Lissafi: Yayanka ya fi ka gaskiya, amma kai ma ba ka tashi a tutar babu ba. Malamin ya rubuta littafi kan lissafi da lambobin Indiya. Da aka juya shi zuwa Latin a ƙarni na 12, sai aka buɗe da "Dixit Algorizmi", wato Algorizmi ya ce. Turawa suka ɗauki sunan suka laƙaba wa lissafi da lambobi goma, har da sifiri: algorism. Daga baya wasu suka zaci dangin arithmos ce, suka cusa mata "th", ta zama algorithm. Kuskuren da ka yi yau, masanansu sun riga ka.

Alhaji: To ashe ta Larabawa ce. Aljabara, wannan reshen lissafin, ma ai daga sunan wani littafinsa ta fito.

Ɗalibin Farisanci: Ranka ya daɗe, a nan kam ban yarda ba. Da Larabci ya yi rubutu, gaskiya ne, amma Khwarazm da ake danganta shi da ita tana kudu da tafkin Aral, yankin Uzbekistan da Turkmenistan na yanzu, kuma harshen mutanenta a lokacin ɗan'uwan Farisanci ne. Iraniyawa Kharazmi suke cewa; suna rubuta harafin wau a sunan, ba sa furta shi. Abin da ya ba ni dariya, a littafin kwamfutarsu algoritm za ka gani. Sunan ya tafi Turai ya dawo musu da kwat da wando. Larabawa ne suka riƙe khawarizmiyya.

Alhaji: Yaro, ka ga kenan waɗanda suka san darajarsa.

Ɗan Auta: Duk dai "th" ɗin nan nawa ne.

Yaya Babba: Haruffa biyu cikin tara. Riƙe abinka.